Ruwa a Saman Ɗakin Inna

Ɗanlarai ya sa bakin makankari a ƙarƙashin kumburin, ya ɗan danna. Fentin ya fashe kamar bororo. Ruwa mai launin shayi ya gangaro ya shige masa hannun riga. Ya kama fatar fentin da yatsu biyu ya ja, ta biyo shi ba gardama, faɗin tafin hannu, sannan faɗin faifai, ta bar filasta baƙa mai sanyi.

"Ka gani ko, Yaya?" in ji Zubaida, matar ƙaninsa, daga bakin ƙofa. Ta toshe hanci da gefen mayafi. "Ko shekara bai yi ba. Masu fentin nan sun cuce mu."

Ya ɗaga kai ya dubi silin, inda wani tabo mai ruwan ƙasa ya yi zobe a cikin zobe. Shekara ashirin da shida yana sana'ar fenti a Bauchi. Ya san bangon da mai fenti ya cuta, ya kuma san bangon da ke shan ruwa daga sama. Wannan ba laifin mai fenti ba ne.

Bara, da aka gama ginin gidan nan a Tirwun, ba a neme shi ba. Daga Abuja ƙaninsa Abdulrauf, mai gidan, ya kwaso masu fenti, da riguna iri ɗaya da hulunan kwano. Ɗanlarai ya zo buɗe gida kamar kowane baƙo, ya ci shinkafa, ya ce Allah ya sa albarka. Yanzu da bango ya fara zubar da fata aka tuna akwai mai fenti a dangi.

Abdulrauf ya shigo da makullin mota a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Shi ne autansu, shekara goma sha biyu tsakaninsu. Ɗanlarai ne ya riƙa goya shi a keke zuwa firamare. Yanzu ɗan kwangila ne, kowa Alhaji yake ce masa.

"Yaya, sannu da zuwa. Jirgin su Inna ranar Alhamis ta sama zai sauka daga Makka. Kwana goma ke nan. Daga filin jirgi nan za a kawo ta. Wannan ne ɗakinta."

"Nan?"

"Nan mana. Ga banɗaki a ciki, ga fanka, ga iska. Ta sha wahala a tsohon gida, ya isa haka."

Ɗanlarai ya goge makankarin a jikin wandonsa a hankali. Shekara goma sha tara tun rasuwar mahaifinsu, shi ne yake tare da Inna a Ƙofar Dumi. Shi ke sayo mata masa mai zafi da safe. Shi ke ɗaukar ta a babur zuwa awon jini. Ashe duk wannan sunansa wahala. Abdulrauf ya biya mata kujerar Makka sau ɗaya, unguwa ta kwana uku tana maganarsa.

"Bari in hau sama in gani," ya ce.

* * *

Rufin na kankare ne, irin da ake kira dekin, an kewaye shi da 'yar katanga mai kai gwiwa. Ɗanlarai ya sauke ƙafa daga tsani, ruwa ya haɗiye masa takalmi har idon sawu. Kwana huɗu rabon da a yi ruwa, amma ga shi nan kwance, kore, da gansakuka da ƙananan tsutsotsi. A kowace kusurwa an bar damin rodi a tsaye, sun yi tsatsa, domin duk wanda ya wuce ta titi ya san bene na nan tafe. A gindin kowane rodi kankaren ya tsage. Ta nan ruwan ke bi.

Ya kewaya yana neman mafitar ruwa. Ya sami ramuka huɗu a jikin katangar. Duka an cike su da siminti, an shafe sumul.

Mahaifinsu magini ne. Kowace shekara kafin ruwan fari, sai ya hau da Ɗanlarai kan soron gidansu, su yi yaɓe, su shafa makuba, su zura sanda cikin kowane indararo su fitar da sheƙar tsuntsaye. Baba yakan kwanta ya sa kunci a kan rufin, ya rufe ido ɗaya, yana duba gangare. Abdulrauf bai taɓa hawa ba. Lokacin yana ƙarami, daga baya kuma yana makarantar kwana.

Da ya sauko ya tambayi Zubaida wanda ya toshe ramukan.

"Ni na sa aka toshe. Ruwa ne yake kwararowa ta gaban gida yana ɓata fenti, sai ka ce gidan ƙauye. Ai rana tana busar da shi a can sama."

Abdulrauf na tsaye jikin mota, waya a kunne. Ɗanlarai ya matsa kusa.

"Auta, saman nan fa..."

Abdulrauf ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Injiniya ya riga ya duba sama, Yaya. Ya ce dekin ba ya yoyo. Kai dai ka yi mana abin da ka fi iyawa." Ya yi murmushi, ba da mugunta ba. Sannan ya koma kan wayar. "A'a, ranka ya daɗe, ina jin ka. Ina tare da mai fenti ne."

Maganar da ke bakin Ɗanlarai ta koma ciki. Ya dubi gidan tun daga ƙasa har rodin da ke sama. Wani abu ya zauna masa a ƙirji, mai sanyi, kuma bai ji ɗacinsa ba. In ya kankare bangon ya rufe shi da kyau, zai kai wata guda yana sheƙi. Daga nan ruwan Agusta zai yi sauran aikin. Inna ba za ta zauna a ɗaki mai yoyo ba. Za ta ɗaure kayanta ta ce a mai da ta gida, kowa ya ga abin da gidan Alhaji ya ƙunsa.

"To," ya ce. "Fenti."

* * *

Shagon Dele mai sayar da fenti yana kusa da kasuwar Wunti. Bayarabe ne, ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa ta kasuwa ce.

"Oga Ɗanlarai! Ka ɓace kamar wutan unguwan mu. Madam yana lafiya?"

"Tana lafiya. Bokiti shida fari, biyu ruwan madara. Galan biyu na fentin mai. Foti da samfefa."

"Alhaji ya kira ni, ya ce komai ka ce in ba ka." Dele ya tsaya da hannu a kan bokitin farko. "Shi ke nan? Gidan Tirwun ba dekin ba ne? Ina da tabarman kwalta sabo, wanda ake gasawa da wuta. Ina da maganin ruwa na zubawa a siminti."

"Fenti aka ce."

"Haba, Oga. Kai ne ka koya min. Ranan da na buɗe shagon nan ka ce, Dele, in mutum ya zo sayen fenti da damina, tambaye shi rufin shi tukuna."

"Injiniya ya duba."

"Injiniya!" Dele ya yi dariya har ya dafa kantar shagon. "Ya hau sama, ko daga cikin mota ya duba? Ni na san su. Takalmin su ba ya son tsani." Ya daina dariyar, ya dubi galan biyun. Ya san amfanin fentin mai a ƙarƙashin fentin ruwa. "Wa zai kwana a ɗakin?"

"Baƙi."

"To, Allah ya sa baƙin sun iya iyo."

Ɗanlarai ya tsayar da keke mai ƙafa uku, suka loda kayan. Dele bai raka shi bakin titi ba kamar yadda ya saba.

Kwana bakwai ya yi a ɗakin. Ya kankare bangon har filasta. Ya hura gawayi a kasko biyu ya rufe tagogi, fuskar bangon ta bushe, cikinsa na nan jiƙe. Ya cike ramuka da foti, ya goge da samfefa, ya shimfiɗa fentin mai ya danne danshin, sannan ya bi da fari sau uku. Bai taɓa yin aiki mai kyan gani kamar wannan ba. Zubaida ta ɗauki hoto ta tura wa ƙawayenta.

Kullum in ya dawo Ƙofar Dumi bayan la'asar, sai ya jingina tsani a ɗakin Inna na tsohon gida. Ya cike tsagogin soron, ya shafa makuba, ya sauya indararon da ya fashe. Ya kwanta ya sa kunci a kan rufin yana duba gangare.

Matarsa Khadijatu ta tsaya a tsakar gida da tsintsiya. "Malam, wa zai shiga ɗakin da kake ta wannan wahala? Ba an ce Tirwun za ta zauna ba?"

"Za ta dawo."

"Ita ta gaya maka?"

"Kafin Agusta ya fita za ta dawo. Ki riƙa share shi."

Ta daɗe tana kallonsa daga ƙasa, hannu a goshi saboda rana. Sannan ta ci gaba da shara.

* * *

Ranar walima an kafa rumfa biyu a gaban gidan. An toya masa da miyar taushe, an yanka sa. Mutanen Ƙofar Dumi sun zo a motoci uku, suna shafa bango suna salati. Wani dattijo ya nuna rodin da ke sama da sandarsa ya ce, "Kun ga, bai ma gama ba. Bene zai ɗora."

Inna tana zaune a bakin sabon gado cikin fararen kaya. Ta rame, ta yi duhu, ta kuma dawo da tarin da alhazai ke dawowa da shi. Mata sun cika ɗakin, ana raba dabino da zamzam a ƙananan kofuna. Abdulrauf ya durƙusa a gabanta, ta dafa kansa.

"Abdulrauf, Allah ya yi maka albarka. Abdulrauf, Allah ya ba ka masu yi maka. Yadda ka kai ni Ɗakin Allah, Allah ya gina maka a Aljanna."

Ɗakin ya ɗauki amin. Ɗanlarai yana tsugune a bakin ƙofa, shi ma ya ce amin. Shi ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ko na yanka ko na laƙabi. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta daɗewa tana kallonsa. Haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, kunya ce, kowa ya sani. Shi ma ya sani. Sanin bai taɓa hana shi ƙirga sau nawa take kiran sunan Auta ba.

Ta turo wata leda da gefen ƙafa, idonta na wani wuri. "A miƙa wa wancan." Hula ce da carbi.

Da aka kira la'asar ɗakin ya ragu, ya tashi zai fita. Ta yi gyaran murya, ya dawo ya tsuguna. Tana kallon silin. Shekara arba'in ta yi tana auren magini.

"An ce kai ka yi aikin nan."

"Ni ne, Inna."

"Ka hau saman?"

"Na hau."

"Lafiya?"

Fanka na juyawa. Warin sabon fenti ya danne komai. A waje wani maroƙi yana jero sunayen kakannin Alhaji Abdulrauf, waɗanda shi ma kakanninsa ne.

"Lafiya lau, Inna."

"To, madalla," ta ce, ta juya ta kama gyara filo.

* * *

Agusta ya zo da ƙarfinsa. Kusan kullum bayan azahar hadari ke tasowa daga bayan duwatsu, ya rufe garin. Ɗanlarai yakan zauna a zaure yana jin indararon ɗakin Inna na zuba a tsakar gida, waya a kan gwiwarsa. Ya shirya abin da zai ce in Abdulrauf ya kira. Ba zai yi gori ba. Zai ce, ba komai, a kawo ta, ɗakinta na nan.

Wayar ba ta zo ba. In shi ya kira Inna, sai ta ce lafiya lau, ta yi tari, ta tambayi yara, ta kashe. Bai je Tirwun ba. Ya gaya wa kansa aiki ne ya yi masa yawa. Gaskiyar ita ce ba ya so a ce shi ya fara gani.

A kwana na ashirin da uku da tarewar Inna a Tirwun, Khadijatu ta je gaisuwa. Ta dawo ta cire mayafi ba ta zauna ba.

"Tarin Inna ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kuma ba ta bar ni na shiga ɗakin ba. A falo ta tare ni, tana dafa bango. Malam, jikinta kamar garwashi."

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya hau babur. Yayyafi ya same shi a hanya.

Zubaida ce ta buɗe masa. Ta ce Alhaji yana Abuja mako biyu ke nan, ita kuma kullum tana makarantar da take koyarwa sai yamma. "Ta hana mu shiga, Yaya. Ko shara ba ta yarda a yi mata. Wai hutu take so. A bakin ƙofa nake ajiye abinci. Ni kuma suruka ce, ya zan yi?"

Ya yi sallama sau uku. Ya tura ƙofar.

Warin ne ya fara tarar sa, na fumfuna da jiƙaƙƙen tsumma. Labule a sauke. Da idonsa ya saba da duhun sai ya ga bangon. An rufe shi da zannuwa, ɗaya kusa da ɗaya, atamfa da leshi da dardumar salla biyu da ta zo da su daga Makka. An kafe su da ƙananan ƙusoshi, a karkace, daidai inda hannun tsohuwa zai iya kaiwa. Daga nan zuwa sama fentinsa yana reto kamar yagaggen tufa. Kwanoni biyar a ƙasa, ɗaya a kan gado wajen ƙafa, kowanne da sautin ɗigonsa. Gadon ya fi ƙarfinta, ba ta iya ja shi ba. Ta naɗe a gefe ɗaya na katifar, inda jiƙar ba ta kai ba sosai.

"Rufe ƙofar," ta ce. Muryar ba ta fita duka. "Kada ta gani."

Ya rufe. Ƙafarsa ta taɓa wani buhu a ƙarƙashin gado. Ya jawo shi. Cike yake da ɓawon fenti, an share an tara, fari da ruwan madara.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa?" Ta yi tari mai tsawo, ta jira numfashi ya dawo. "In ce wa yaro aikin yayansa ya zube a wata guda? Ya riga ya kawo na Abuja sau ɗaya. In ya ga wannan ba zai sake kiran ka ba. Matarsa kuma ta sami na faɗa a dangi."

Ya tsuguna. Gwiwarsa ta nutse a jiƙaƙƙen kafet.

"Fentin zamani ne ba shi da kyau," ta ce. "Ba hannunka ba ne. Na san hannunka. In rani ya yi sai ka zo ka gyara a hankali, ba wanda zai sani."

"Inna, saman nan. Na hau..."

"Ai ka gaya mini. Ka ce lafiya."

Ta faɗe shi ne kamar mai rufe magana. Idonta na kan kwanon da ke kan gado, ya kusa cika.

Ya ɗauki kwanon ya juye a banɗaki, ya mai da shi wurinsa. Sannan ya zaro guduma da cizal daga jaka ya fita.

Ruwan ya tsinke sosai kafin ya kai ƙarshen tsani. A sama ya kai masa ƙwauri. Ya durƙusa a ciki, ya lalubo ramin farko da hannu, ya kafa cizal. Bugu tara simintin ya tafi. Ruwan wata biyu ya samu hanya, ya fita da ƙara, baƙi da kore, ya wanke fuskar gidan tun daga sama har dandamali. Ya ji Zubaida a ƙasa tana ihu, "Yaya! Fentin! Yaya, me kake yi?" Ya rarrafa zuwa rami na biyu.

Da ya fasa na huɗu ya sauko, ya naɗe Inna a busasshen bargo, ya ɗauke ta. Ba ta fi nauyin bokitin fenti biyu ba. Ta so ta yi gardama, tari ya hana ta.

* * *

Likita ya ce sanyi ya kama huhun duka biyu, ya tambayi dalilin da aka daɗe ba a kawo ta ba. Abdulrauf ya iso washegari, ya sa aka mai da ta ɗaki na musamman, ya sayo duk abin da aka rubuta. Kwana shida ta yi. Ranar Laraba bayan azahar ta cika.

A zauren Ƙofar Dumi aka yi zaman makoki. Abdulrauf ya zauna kusa da yayansa, idanu jajur, ya riƙe masa hannu kamar lokacin da yake ƙarami. Duk tawagar da ta shigo sai ya maimaita musu.

"Yaya ne ya gano. Injiniya bai gani ba, ni ban gani ba. Shi kaɗai ya hau cikin ruwa ya fasa. Da na tsaya na saurare shi tun farko..."

Dattawan suka juyo suna miƙa wa Ɗanlarai hannu. "Allah ya saka maka. Kai dama ɗa ne. Shekara nawa kana riƙe da ita." Limamin unguwa ya ambaci sunansa a addu'a, cikakke, har sau biyu. Khadijatu ta kawo ruwa bakin zaure, ta ajiye, ba ta ɗaga ido ba.

Da damina ta ɗauke, Abdulrauf ya kira shi. "Yaya, ka yi wa rufin nan duk abin da ya kamata. Ba na son ganin rodin nan ma, a yanke."

Mako biyu ya yi a sama, shi kaɗai. Ya yanke rodin, ya fafe tsagogin ya cike su. Ya zuba sabon siminti mai maganin ruwa, ya ba shi gangare zuwa ramuka huɗun, ya sa wa kowanne bututu mai tsawo don kada ruwa ya taɓa bango. Ya shafa kwalta, ya shimfiɗa tabarmarta, yana gasawa da wuta yana dannawa taku bayan taku, har ta hau jikin katangar. Rana ta ƙone masa wuya. Bai bar wurin da allura za ta shiga ba.

Ranar da ya gama ya hau da jarka biyu na ruwa, ya juye su a tsakiyar rufin. Ruwan ya rabu huɗu, ya tafi ba tsayawa. Ya bi ɗaya da ƙafa har ya ga ɗigon ƙarshe ya faɗa bututu. Kafin ya tattara kayansa rufin ya bushe.

Ya sauko ya shiga ɗakin. An fitar da gadon da kafet. Bangon da ya kankare tun makon jiya ya bushe ƙayau, ya yi fari-fari, sai ƙananan ramukan ƙusa a jere, daidai kafaɗarsa. Ya buɗe gwangwanin foti.

Zubaida ta leƙo daga bakin ƙofa. "Sannu da aiki, Yaya. Kada ka wahalar da kanka da shi, kowane launi ma ya yi. Alhaji ya ce buhunan shinkafa za mu riƙa ajiyewa a nan, tunda yanzu ba ya yoyo."

"To," ya ce.

Ya ɗebo foti a kan babban yatsa, ya fara da ramin da ya fi kusa da ƙofa.